Wane tanki zan sa a ƙasa? Zaɓen samf idan kabod ɗinka ya matse

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci, da fatan kowa yana lafiya. Yau ƙasa za mu sauka, bari in durƙusa in buɗe muku ƙofar kabod ɗin nan ku gani da idonku, yawwa. Tankin sama na kiwon kifi da murjani mai rai ne, galan 75, na ruwan gishiri, tsawonsa inci 48 faɗinsa 18 tsayinsa 21, wajen lita 280 kenan, ku yi haƙuri da inci da galan ɗin, a nan Amurka da su ake auna komai, galan ɗaya lita 3.8 ne kusan, inci ɗaya kuma santimita 2.5. Abin da nake nema shi ne mazubin da zai zauna a nan ƙasa ya zama samf, wato tanki na biyu da ruwan sama yake gangarowa ciki a tace shi, a ɗumama shi, sannan famfo ya sake tura shi sama. A cikinsa ake ɓoye hita da sikima, wato na'urar da ke cire datti daga ruwa da kumfa, da duk tarkacen da ba ka so su ɓata maka kallon kifi da murjani.

To ga tef a hannuna. Cikin kabod ɗin tsawonsa inci 46, zurfinsa zuwa baya 16 da rabi, tsayinsa 28. In ka ji wannan sai ka ce ai wuri ya wadata. Amma ku dubi wannan katakon da ke tsaye a tsakiya, ya raba ƙofar gida biyu, kowacce inci 20 kawai. Kuma don Allah kar wani ya ce a cire shi, tankin da ke sama in ya cika da ruwa da duwatsu da yashi yana haura kilo 350, ruwan gishiri ma ya ɗan fi ruwan daɗi nauyi, lita ɗaya kilo 1.025 ce. Katakon nan yana iya zama cikin masu ɗauke da wannan nauyin, in ba wanda ya ƙera kabod ɗin ne ya tabbatar maka ana cire shi ba to ka bar shi a inda yake.

Saboda haka girman ciki daban, abin da ƙofa za ta bari ya shiga daban. Ku ga dabarar da nake yi, kwali ne na yanka na manna da salatif daidai girman kowane tankin da nake tunani. Wannan na galan 20 dogo ne, inci 30 da 12 da 12, shi kowa yake fara ambata in ana maganar samf kuma gaskiya yana da kyau, gajere ne hannu yana shiga ko'ina. Bari in tura shi... kun gani ko, kansa ya daki baya tun gindinsa bai wuce katakon tsakiya ba, duk yadda na karkata shi ba ya juyawa. Ana iya shigar da shi ta baya kafin a jingina kabod da bango, mutane da yawa haka suke yi, amma ni hankalina bai kwanta da shi ba, domin ranar da ya tsage ko ya fara yoyo sai ka kwashe ruwan sama gaba ɗaya da kifin da murjanin ka ja kabod kafin ka fitar da shi. Abin da ba zai fita ta ƙofa ba ba na so ya shiga. Na galan 29 ma ƙasansa ɗaya da wannan, 30 da 12, tsayi kawai ya fi shi, shi ma ya faɗi. Na galan 40 mai faɗin inci 18 kuwa ba ma sai an gwada ba.

Saura biyu, na galan 10 da na galan 20 mai tsayi. Kafin in zaɓa bari mu yi lissafin da a wajena ya fi komai a wannan bidiyon, ku ɗan ba ni hankalinku a nan.

Idan aka ɗauke wuta ko famfo ya tsaya, ruwan sama ba ya tsayawa nan take. Zai ci gaba da gangarowa har sai ya sauka ƙasa da haƙoran magudana, wato tsagogin da ruwan sama ke bi ya gangaro samf, sannan bututun da ke mayar da ruwa sama shi ma yana juyewa ya riƙa zuƙo ruwa ƙasa har sai bakinsa ya sha iska. Duk wannan ruwan samf ne zai karɓe shi, in babu wuri a ciki to a ƙasan ɗakinka zai ƙare, kuma mu da muke haya a bene akwai mutane a ƙarƙashinmu, ruwan gishiri ya ratsa silin ɗin maƙwabci ba ƙaramar fitina ba ce. Lissafin ba wuya, tsawo sau faɗi sau zurfin da ruwan zai sauka, sai ka raba da 231, domin inci kubik 231 ne a galan ɗaya. Nawa 48 sau 18 ya ba da 864, a raba da 231, galan 3.7 kenan a kowane inci ɗaya da ruwa ya sauka, wajen lita 14. In ya sauka inci ɗaya da rabi, ga kuma ruwan da ke cikin bututu da akwatin magudana, ina sa ran galan 6 ne za su sauko. Masu aiki da santimita ku naku ya fi sauƙi, ku ninka ukun ku raba da 1000 ku samu lita.

Yanzu a ɗora wannan a kan na galan 10, inci 20 da 10 da 12. Kowane inci na tsayinsa bai kai galan ɗaya ba, 0.87 ne, kafin ya shanye galan 6 sai na bar inci 7 babu ruwa, saura inci 5 kenan na aiki. Yawancin sikima na cikin samf suna so su tsaya a ruwa mai zurfin inci 6 zuwa 9, kowanne da abin da kamfaninsa ya rubuta, inci 5 ba zai yi musu ba, hita ma da ƙyar za ta nutse. Galan 10 ya dace da ƙaramin tanki, ba wannan ba.

Na galan 20 mai tsayi kuma inci 24 da 12 da 16. Ga kwalinsa, ku kalla, na karkata shi kaɗan, ya shige, na juya shi ya zauna, kuma haka zai fito. Kowane incinsa galan ɗaya da kwata ne, in na tsayar da ruwa a inci 10 na bar inci 6 a sama, galan 7 da rabi kenan, ko a ce 7 tunda awon ciki ya ɗan gaza na waje. Ya ɗauki galan 6 ɗina har da ɗan rara. Kun ga tankin da ake kira galan 20 amma ruwan da zai riƙa aiki a ciki 12 ne da ɗan wani abu, kuma wannan ɓangaren da yake fanko shi nake saya, ba na jin asara ko kaɗan.

Wani zai ce ai akwai bawul mai hana ruwa komawa, a sa shi a huta. Ni ban yarda in dogara da shi ba wallahi, ruwan gishiri yana tara ƙura da ƙananan halittu masu ɓawo a cikin bututu, ɗan ƙaramin abu ya maƙale a bakinsa ya hana shi rufewa sosai, sai ya riƙa ɗiga a hankali dare guda kana barci. Abin da ya fi shi ne ka sa bakin bututun kusa da saman ruwa, ko ka huda ƙaramin rami a jikinsa ɗan ƙasa da layin ruwa don ya sha iska da wuri, shi ma ramin ka riƙa duba shi domin gansakuka ko dodon koɗi na iya toshe shi. Ka yi lissafinka kamar babu ko ɗaya daga cikinsu.

Sai maganar sama. Kabod 28, tankin da bakinsa na roba kusan 17, saura inci 11 na hannu. Ku ga hannuna har gwiwa yana shiga, ina iya kai wa ƙasa in ɗauko famfo in wanke. Sikima ɗina tsayinsa inci 20, zan ɗora shi a kan ɗan dandamali na inci 2 ko 3 don zurfin ya zo masa daidai, ya zama 23, kofinsa kuma ɗaga shi ake yi sama kafin ya fito, to akwai sararin hakan. Wannan kofin duk 'yan kwanaki za ka zubar da baƙin ruwan da ya tara, in sai ka sha wahala kafin ka ciro shi za ka fara ɗagawa gobe jibi har ka daina, kifin ne kuma za su ji a jikinsu. Shi ya sa ko da na galan 29 ya shiga da sai na yi tunani sau biyu.

Akwai masu tambaya ko roba za ta yi, irin akwatunan ajiye kaya. Tana yi, in mai lamba 2 ce ko lamba 5 a gindinta, wato HDPE ko PP, waɗanda ake zuba abinci a ciki, kuma tana da sauƙin hudawa ba ta fashewa. Matsalarta biyu ce. In ta cika cikinta yana bultsowa, bakinta ya buɗe, a kabod mai matsi tana iya tokare ƙofa. Sannan silikon, gam ɗin da ake manna gilas da shi, ba ya kama irin wannan robar, ba za ka iya manna katangun ciki su zauna ba. In samf ɗinka fili ɗaya ne kawai, hita da famfo da ɗan dutse, roba mai kauri ta isa. Akirilik kuma, roba mai tauri da ake gani ta cikinta kamar gilas, shi ne na wanda yake so a yanka masa daidai da kabod ɗinsa inci da inci, ba nauyi, ana huda shi cikin sauƙi, amma da gam ɗinsa na musamman ake haɗa shi mai narkar da gefen ya haɗe, silikon bai riƙe shi sosai. Ni gilas na zaɓa domin gilas da silikon suna kama juna da ƙarfi kuma ina ganin layin ruwa daga waje. Abu ɗaya, in za ka huda tankin gilas ka tabbatar ba irin gasasshen gilas ɗin nan ba ne, sau da yawa ƙasan tanki da shi ake yi, da ka sa masa abin huda zai tarwatse gaba ɗaya. Ƙarfe kuwa ko kusa, musamman jan ƙarfe da tagulla, ɗan kaɗan ɗinsu a ruwa yana kashe murjani da jatan lande, har mahaɗin bututu ku sa na roba.

In ƙofarka ta fi tawa matsi, akwai hanyar haɗa ƙananan mazubi biyu da bututu mai faɗi a ƙasa, kowanne ya shiga ta ƙofarsa. Yana aiki, sai dai bututun ya zama babba sosai, gara ma guda biyu, in ya yi siriri ɗaya zai cika ya zube ɗayan kuma famfo ya shanye shi.

Yadda zan raba inci 24 ɗin nan kuwa, ga shi na zana da maka a jikin kwalin. Inci 12 na farko nan ruwa zai sauko cikin safar tacewa, nan sikima zai zauna. Sai katangun gilas uku, kaurin kwatan inci, tsakaninsu inci ɗaya ɗaya, ruwa ya haye ta farko ya bi ƙarƙashin ta biyu ya sake haye ta uku, kumfa ya tsaya a nan kar ya hau sama ya mai da tankin fari fat. Ragowar wajen inci 9 na famfo ne. Na so in ware ɗaki na shuka ciyawar kito mai shan naitiret, sinadarin da kashin kifi ke tarawa a ruwa, amma in na cusa shi kowane ɗaki zai zama ƙarami ba mai amfani, na haƙura da shi. Katangun a yanko su sun gaza faɗin ciki da ɗan kaɗan don silikon ya samu wurin zama, kuma silikon ɗin ya zama zalla, banda na banɗaki mai maganin hana fumfuna, wannan guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe sosai, aƙalla awa 48.

Ɗakin famfon nan kar ku raina shi. Duk ruwan da ya tashi tururi daga tankin gaba ɗaya a nan kaɗai ake ganin raguwarsa, sauran ɗakunan katanga ta riƙe musu tsayi. Inci 9 sau 12 bai kai rabin galan a inci ba, tanki buɗaɗɗe mai wannan girman kuma yana iya rasa galan ɗaya a rana musamman lokacin sanyi da hitar gida ke busar da iska, ruwan ɗakin ya sauka fiye da inci 2 kenan kullum, kwana biyu famfo ya fara shan iska. Gishiri kuma ba ya tashi, ruwan ne kawai yake tafiya, sai gishirin ya ƙaru daga 1.025 ɗin da muke so. To a nan ne zaɓen gajeren tanki ya biya ni, ku dubi ɓangaren dama, inci 22 ya rage, jarkar tataccen ruwa marar gishiri za ta zauna a nan da ɗan na'urar da ke ƙara ruwa da kanta, soket ɗin wuta kuma zan ɗaure su can sama a jikin katako nesa da feshin gishiri, a kan layi mai yanke wuta da kansa in ruwa ya taɓa.

Da zarar silikon ya bushe da ruwan famfon gida marar gishiri zan fara gwaji. A cika komai, a kunna famfo ya yi aiki, sai in zare filogi in zauna a nan ina kallo har ruwa ya daina saukowa gaba ɗaya. In ya tsaya inci ɗaya ko fiye ƙasa da baki alhamdulillahi, in ya matso sai in rage. Daga nan a sake kunnawa, inda ruwan ɗakin famfo ya tsaya in manna salatif, wannan layin shi ne iyaka, duk wanda zai ƙara ruwa a tankin nan ko ba na gida ba zai wuce shi ba. A bidiyo na gaba in sha Allahu za mu manna katangun tare ku ga yadda ake tsayar da su a miƙe kafin silikon ya kama. Sai mun haɗu, na gode.