Kashin kaza ba ya ƙarya

Bala: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Samaru. Yau muna tare da Dakta Usman, ga kuma Hajiya Rabi mai kiwon kaji ta shigo mana da kiret ɗin ƙwai a hannu, ban sani ba ko tsaraba ce.

Hajiya Rabi: Tsarabar takaici dai, Malam Bala. Ƙwai 30 na ɗauko, shida sun tsage tun ban wuce Kwangila ba. Mai shayin da nake kai wa a Sabon Gari har ya fara yi mini ciki-ciki.

Dakta Usman: Kajin satinsu nawa, Hajiya?

Hajiya Rabi: Sun haura 60. Shika Brown ne, irin na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi tamu ta Shika.

Dakta Usman: To ga dalili ɗaya. Kaza in ta manyanta ƙwanta ƙara girma yake, amma kalsiyam ɗin da take shafa masa, wato sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, yana nan yadda yake, wajen giram 2. Kin ga mai fentin da aka ƙara wa ɗaki ba a ƙara masa galan ba. Ga kuma zafin Afrilu. Hakin da kike gani suna yi, iskar kabon suke fitarwa fiye da kima, alhali da ita jiki ke haɗa ɓawo. Cin abincin ma ya ragu.

Hajiya Rabi: Ai shi ya sa ban zauna ba. Na je shagon magani aka haɗo mini leda uku: bitamin, antibayotik, da wani wai na ƙara ƙwai. Kuɗi sun tafi, ɓawo na nan kamar takarda.

Dakta Usman: Bari in yi tambayar da mai shago bai yi ba. Yaya kashinsu?

Bala: Likita, mutane na karin kumallo fa!

Dakta Usman: Su yi haƙuri, nan maganar take.

Hajiya Rabi: Gaskiya ruwa-ruwa ne. Dusar katakon ta jiƙe, in ka shiga warin har ido yake yi wa yaji. Wani lokaci ina ganin tsakin masara a ciki bai narke ba.

Dakta Usman: Kin ba da amsa da kanki. Kaza na cin giram 110 zuwa 120 a rana, ana so kalsiyam ya kai wajen giram 4 a ciki. Amma ci daban, shiga jini daban. Bangon hanji yana da wasu 'yan tsinkaye kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. In tsutsar ciki ko cutar kashin jini ta goge su, ko masara mai hunhuna, to duk abin da kika zuba a buhu ƙasa zai koma taki.

Bala: Wato masu noman rani take yi wa hidima.

Hajiya Rabi: Wallahi kuwa! Amma Likita, masarar nan mai araha na saya, an ce ruwa ya ɗan taɓa ta.

Dakta Usman: Arha ba ta ado. Hunhunar masara da tunkuzar gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin, hanta take ci. Akwai garin da ake sawa ya kama gubar a hanji, yana ragewa, amma ba ya mai da ruɓaɓɓiyar masara lafiyayya.

Bala: Furobayotik ɗin da ake ta talla fa?

Dakta Usman: Ƙwayoyin halitta ne masu amfani, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo, wasu kuma yis ne. Suna cika hanji su hana miyagun wurin zama. Ina ba da su, musamman bayan an gama magani. Sai dai masu rai ne. In ledar ta wuni a rana a kanti, ko kika haɗa su da antibayotik a mazubi guda, gawa kika saya. Shi kuwa antibayotik ba gaira ba dalili, Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci don ƙarin girma tun 2006. Ragowarsa na fita a ƙwai, yaranmu ke ci.

Hajiya Rabi: To yanzu me zan yi gobe da safe?

Dakta Usman: Ki kwashe kashi sabo ki kai asibitin dabbobi na ABU a duba. Ki wanke mazubin ruwa, ki taɓa ruwan da rana, in ya yi ɗumi ba za su sha ba. Da la'asar ki watsa musu laimiston, wato dutse mai kalsiyam, ko ɓawon kawa mai tsakuwa-tsakuwa, ba gari ba. Ƙwai yakan yi wajen awa 20 ana gina masa ɓawo, yawanci da dare, lokacin ba ta cin komai. Mai tsakuwar yana daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali. Gari kuwa wucewa yake, sai ta koma ranto kalsiyam daga ƙashinta.

Hajiya Rabi: An ce bekin soda na taimakawa da zafi. Kanwa ba za ta yi ba?

Dakta Usman: Bekin soda na yi, bisa awo. Kanwa kowane dunƙule da ƙarfinsa, in ta yi yawa zawon da muke gudu za ki ƙara.

Bala: Ni nawa ƙorafin gwaiduwa ce. Uwargida ta ce na yanzu fari fat, ba kamar na kajin gida ba.

Dakta Usman: Launin abinci ne. Farar masara da dawa ba sa rina ta, jar masara na yi. Garin zogalen da aka shanya a inuwa, kaɗan, shi ma yana yi. Launin ba shi ke nuna lafiyar kazar ba.

Hajiya Rabi: Zogale kam har katanga ya rufe mini.

Bala: To shidan nan da suka tsage, Hajiya, tunda mai shayi ba zai karɓa ba…

Hajiya Rabi: Yaushe na daina ba su antibayotik ma, Likita? Shekaranjiya.

Dakta Usman: Malam Bala, ajiye ƙwan nan.