Jikin Bogi da Ake Auna Na'urorin Hoton Asibiti da Shi

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Idan na'ura ta ce ƙarin da ke huhun majiyyaci ya kai milimita 17, wa zai shaide ta? Ba a tsaga mutum don a duba. Shi ya sa ake ƙera fantom, wato jikin bogi wanda mun riga mun san girmansa da abin da muka zuba masa. Idan na'urar ta faɗi wani abu daban, mun kama ta.

Ga na'ura ɗaya, abin da sauƙi. Ɗauki CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki da hasken X-ray: a ma'auninta na Hounsfield, ruwa sifili ne, iska kuwa -1000. A PET kuma, wadda ke ƙirga hasken da ke fitowa daga sinadarin da aka sa wa majiyyaci a jiki, ana amfani da fantom irin na ƙungiyar NEMA ta Amurka, mai ƙwallaye shida, daga milimita 10 zuwa 37, a cika su da ruwa mai sinadarin fulorin-18, wanda ke fitar da wannan hasken. Wannan sinadari, duk bayan kimanin minti 110 rabin ƙarfinsa ya tafi, don haka mai aunawa da agogo yake aiki.

To, tun da aka fara gwada haɗa PET da CT cikin na'ura ɗaya a Pittsburgh ta Amurka a 1998, sannan daga baya PET da MRI, mai ɗaukar hoto da ƙarfin maganaɗisu, sai aikin ya yi nauyi. Kowace na'ura da irin idonta. CT na duba yadda abu ke tare haskenta, MRI na sauraren haidurojin da ke cikin ruwa da kitse. Dole jikin bogi ɗaya ya gamsar da su tare. Ana dafa agaros, wanda ake samu daga ciyawar teku, don a daidaita T1 da T2, wato lokuta biyu da MRI ke bambance sassan jiki da su: T2 da yawan agaros ɗin, T1 kuma da gishirin nikel ko gadoliniyam. Sai a yi hattara da kumfar iska, domin ƙwaya ɗaya tana ɓata hoto, kuma kwaɓin na bushewa da daɗewa.

Ku ba ni hankalinku a nan, don wurin nan ne ya fi damuna. Bangon fantom yawanci roba ce mai tauri. MRI ba ta ganin ta, kamar babu ita. Amma robar tana tare wani kaso na hasken da PET ke ƙirgawa. A PET/MRI kuwa, da hoton MRI ake lissafa abin da ya ɓace a hanya, a mayar. Tunda ba ta ga bangon ba, ba za ta mayar da abin da ya cinye ba, sai adadin sinadarin da PET ta auna ya fito ƙasa da gaskiya, a ɗora wa lafiyayyar na'ura laifi. Haka ƙashi yake yi mata a jikin mutum. Kuma da wannan adadi likita ke duba ko maganin ciwon daji yana aiki.

Mafita ɗaya ita ce a fara ɗaukar fantom ɗin a CT, a saka wa kwamfutar taswirar bangon, sannan a auna. Wasu kuma na neman robar da MRI ke iya gani, su buga fantom ɗin da na'urar 3D.