Yadda kyandir biyu suka maye gurbin sandar Wii

[Hoto: ɗaki mai duhu, kyandir biyu a gaban talabijin, wani yana nuna allo da rimot ɗin Wii]

Jama'a, wannan bidiyon ya sake zagayowa. An cire sandar nan ta Wii, na'urar gem ta Nintendo, da ake ɗorawa a kan talabijin, an kunna kyandir biyu a wurinta, kuma ga ɗan yatsan da ke kan allo yana bin rimot lafiya lau. Wasu sun ce haɗi ne. Wasu sun rantse akwai wata sandar a ɓoye bayan labule. Babu ko ɗaya. Abin da kuke gani gaskiya ne, mu ne dai muka ɗauki aikin na'urar a baibai.

[Hoto: Xbox 360, PlayStation 3 da Wii a jere]

A gurguje. Microsoft ta fito da Xbox 360 a 2005, hannun gem ɗinta maɓallai ne da 'yan sanduna biyu, ba ruwansa da motsin hannunka. A Nuwamban 2006 Sony ta fito da PlayStation 3, bayan 'yan kwanaki Nintendo ta biyo da Wii. Dukansu biyun suka ce hannun gem ɗinsu yana jin motsi.

Me yake ji? A cikin rimot ɗin Wii akwai wata 'yar na'ura ta kamfanin Analog Devices, faɗinta milimita 4 kacal, ma'aunin motsi. A cikinta akwai wani ɗan nauyi da ke rataye a kan 'yan siraran sifirin. Ka fizgi rimot, nauyin ya ɗan goce, na'urar ta auna gocewar. Ko ka ajiye shi shiru, ƙasa tana jan nauyin nan zuwa gare ta, don haka kullum rimot ya san ina ne ƙasa. Ka ɗaga bakinsa sama, ya sani. Ka mirgina shi gefe, ya sani.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɗauki wayarka, ka kwantar da ita a kan tebur, ka juya ta dama ko hagu tana kwance.

[Hoto: waya kwance a kan tebur ana juya ta, allon bai sauya ba]

Allon bai juya ba ko? Ba zai juya ba. Ƙasa tana nan a ƙasa, ta inda ake jan nauyin bai sauya ba, don haka ma'aunin bai ga komai ba. Haka rimot ɗin Wii yake. Ka nuna kusurwar dama ta talabijin, ka dawo ka nuna ta hagu, a wurin ma'aunin motsi duk ɗaya ne. Alhali nuna dama da hagu shi ne rabin wasan.

Sai Nintendo ta ba rimot ido.

[Hoto: an matso kusa da baƙin gilashin da ke bakin rimot]

Wannan baƙin gilashin da ke bakinsa, akwai kyamara a bayansa, ta kamfanin PixArt na Taiwan. Ba ta ganinka, ba ta ganin falonka, ba ta ma ganin hoton da ke kan talabijin. Gilashin yana tare hasken da muke gani, ya bar infared kawai, hasken nan da idon mutum ba ya kamawa. Aikinta ɗaya ne, ta nemo ɗigon haske, har guda huɗu a lokaci guda, ta faɗi inda suke a cikin hotonta.

Ita kuwa sandar da ke kan talabijin, fitilu ne kawai. Guda goma, biyar a kowane gefe. Wayar da ta taso daga jikinta zuwa Wii wuta take kawowa, ba ta mayar da wani bayani. Ina so ku riƙe wannan da kyau: sandar ba ta ji, ba ta gani, ba ta aika saƙo. Haskawa kawai take yi. Idan kuna shakka, ku ɗauki kyamarar waya ku haska ta, a wayoyi da yawa za ku ga fitilun suna ƙyalli ruwan shunayya. Rimot ɗin talabijin ma haka yake yi idan aka danna shi.

[Zane: abin da kyamarar rimot ke gani, baƙin fili da ɗigo biyu farare]

Wannan shi ne duk duniyar rimot, baƙin fili da ɗigo biyu. Ka karkata bakinsa dama, ɗigon su zame hagu a cikin hoton. Ka ɗaga shi sama, su yi ƙasa. Daga inda tsakiyarsu ta faɗa ake lissafa inda kake nunawa. Ka murɗa hannunka, layin da ke tsakanin ɗigon ya karkace, shi ya sa ɗan yatsan kan allo ma yake murɗawa.

Nisa fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi da daddare ya san wannan lissafin. Mota tana nesa, fitilunta biyu suna manne da juna. Tana matsowa suna buɗewa. Tun da an san tazarar da ke tsakanin fitilun sandar, kusan santimita 20, buɗewar ɗigon ta isa ta faɗi nisanka da talabijin.

Rimot ba ya aika hoto. Lambobin wurin ɗigon kawai yake turawa Wii ta Bluetooth. Wii ba ta da hanyar tambaya ko daga ina hasken ya fito, harshen wuta kuma cike yake da infared. Kyandir biyu, ɗigo biyu, magana ta ƙare. Sai dai don Allah kada wani ya ƙona wa mahaifiyarsa labule ya ce a nan ya gani. Ana sayar da sanda mai batir.

Wannan ne kuma ya sa ɗan yatsan yake tsalle-tsalle idan rana ta shigo ta taga, ko akwai kwan fitila irin na da a bayan talabijin, ko tebur mai gilashi yana mayar da hasken. Rimot ya ga ɗigo fiye da biyu, ya rasa na bi. Sannan Wii ba ta san girman talabijin ɗinka ba. Tambaya ɗaya take yi maka, sandar a sama take ko a ƙasa. Don haka ba ainihin inda ka saita yatsan yake sauka ba, kusa da nan ne, idonka da hannunka ne suke cike giɓin ba tare da ka lura ba.

[Hoto: tsohon bidiyon Johnny Lee da fitilu a jikin tabarau]

Wani ɗalibin jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, Johnny Lee, ya gane wannan sarai. A 2007 ya ajiye rimot ɗin a gaban talabijin, ya maƙala fitilun a jikin tabarau, sai ga rimot yana bin motsin kansa. Kaya iri ɗaya, wuri kawai aka sauya musu.

Sony fa? Hannun PlayStation 3 na farko, Sixaxis, yana jin karkata amma ba shi da ido, bai san inda talabijin take ba. Ya kuma fito babu jijjiga. Sony ta ce jijjigar za ta dagula ma'aunin motsi, a daidai lokacin da take shari'a da kamfanin Immersion a kan fasahar jijjigar. Aka sasanta a 2007, kafin shekarar ta ƙare sai ga sabon hannu, DualShock 3, a Japan, ga jijjiga ga jin motsi suna zaune lafiya. Ni dai ban ce komai ba.

A 2010 Sony ta dawo da PlayStation Move, wanda kusan Wii ne a juye: kyamara a kan talabijin, ƙwallo mai haske a hannunka. Girman ƙwallon a idon kyamara shi ke faɗin nisa. Abin da mutane suke zaton sandar Wii tana yi, Move ne yake yin sa da gaske.

Microsoft kuma a shekarar ta ce a ajiye hannun gem gaba ɗaya. Kinect yana watsa dubban ɗigon infared a ɗaki, kyamara ta duba yadda suka goce a jikinka, ta zana siffarka. An sayar da miliyan 8 a kwana 60 na farko, amma a 2017 aka daina ƙera shi. PrimeSense, kamfanin Isra'ila da ya yi fasahar, Apple ta saye shi a 2013, kuma irin ɗigon nan ne iPhone ke watsa wa fuskar mai ita kafin ta buɗe.

[Hoto: Wii MotionPlus, sannan Joy-Con na Switch]

Saura ma'aunin juyi, jairoskop. Shi yana jin juyin dama da hagun nan da ma'aunin motsi ya kasa ji. Nintendo ta ƙara shi a 2009 da Wii MotionPlus, wata 'yar na'ura da ake maƙala wa rimot, a 2017 kuma sabuwar na'urarta Switch ta fito babu sanda kwata-kwata. Matsalarsa ita ce saurin juyi yake aunawa, ba alkibla ba. Sai an yi ta tara lissafi kafin a san inda ka fuskanta, kuma kowane ɗan kuskure taruwa yake yi. Bayan 'yan mintoci za ka ga kana nuna tsakiyar allo amma alamar ta sulale gefe. A ganina, wajen nuna abu a kan allo, rimot ɗin 2006 ya fi Joy-Con, hannun gem ɗin Switch, tsayawa kan magana, don shi kowane lokaci yana kallon wani abu da ba ya motsi. A Switch kuwa kai ne za ka saita hannunka da tsakiyar talabijin, ka danna maɓalli, ka gaya masa daga nan zai sake fara ƙirga.