Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Nepal da Kakin Sojan Wasu Ƙasashe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan batu guda, wato 'yan Nepal da ke aikin soja a ƙasashen waje, don haka muka haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko daga wani malamin makaranta ne a Gusau. Yana cewa: "Su wane ne Gurkha, ƙabila ce ko runduna? Kuma yaya aka yi ƙasar da Turawa ba su mallake ta ba take ba su sojoji?"

To Malam, Gurkha ba ƙabila ba ce. Sunan ya fito daga Gorkha, wata masarauta a cikin tsaunuka wadda sarkinta, Prithvi Narayan Shah, ya ci kwarin Katmandu tsakanin 1768 da 1769 ya kafa Nepal. Yawancin waɗanda ake ɗauka 'yan ƙabilun Gurung da Magar ne daga yamma, da Rai da Limbu daga gabas.

Asalin abin yaƙi ne. Daga 1814 zuwa 1816 Nepal ta gwabza da kamfanin Ingila mai mulkin Indiya. Turawa sun yi nasara, aka ƙulla yarjejeniyar Sugauli, amma sun ji jiki, har tun ba a gama yaƙin ba, a 1815, suka fara ɗaukar mutanen da suka kara da su. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sama da mutum 200,000 suka yi wa Birtaniya yaƙi. Wasunsu ma sun haɗu da iyayenmu a dajin ƙasar Bama (Burma), domin a 1944 rundunar da ake kira Chindit ta ƙunshi bataliyoyin Gurkha da na Najeriya.

Da Indiya ta sami 'yanci a 1947, sai ita da Birtaniya da Nepal suka sa hannu a wata yarjejeniya aka raba rundunoni goma da ake da su: huɗu suka bi Birtaniya, shida suka zauna a Indiya, wadda ta ƙara ta bakwai daga baya. A riƙe wannan takarda ta 1947, don duk gardamar da za mu ji a gaba a kanta take komawa. A yau Birtaniya na da Gurkha kimanin 4,000, Indiya wajen 32,000. 'Yan sandan Singapo na da sashensu na Gurkha tun 1949, Sarkin Burunai ma yana da nasa dakarun.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya yadda ake shiga, da ko da gaske ne sai saurayi ya yi gudu da kwandon duwatsu.

Da gaske ne, Hajiya, amma kwandon shi ne kusan na ƙarshe. A ɓangaren Birtaniya sau ɗaya ake ɗauka a shekara. Saurayi kada ya wuce shekara 21, tsawonsa kada ya gaza santimita 158, kuma ya ci jarrabawar sakandare. Matakin farko rajista ce da duba takardu. Na biyu tantancewar yanki, 'yan yamma a Pokhara, 'yan gabas a Dharan, inda ake gudun mita 800 da ɗaga jiki a jikin ƙarfe da awon likita. Wanda ya tsallake sai ya je babbar tantancewa a barikin Pokhara, a gwada Turancinsa da lissafinsa, a yi masa tambayoyi baki da baki.

Kwandon sunansa doko, na gora ne, shi manoman tsauni ke ɗaukar kaya da shi. Ana goya shi a baya, a rataya igiyarsa a goshi, wato wuya da ƙashin baya ke ɗaukar nauyin. Shekaru da dama kilo 25 ake zubawa, a hau tsauni tazarar kimanin kilomita 5 cikin ƙasa da minti 50, ko da yake an rage nauyin daga baya. Wanda ya fara da zafi a gindin tsauni yakan ƙare tun bai kai rabi ba. Amma abin da ke kayar da mutane tun kafin nan ƙananan abubuwa ne: raunin gani, ruɓaɓɓen haƙori, hujin dodon kunne, ko ranar haihuwar da ta saɓa tsakanin takardar makaranta da ta ɗan ƙasa.

Masu nema sukan haura 10,000, wasu shekarun su ninka haka, a ɗauki 200 zuwa 400. Waɗanda aka ɗauka sai Catterick a arewacin Ingila, horon kusan wata tara. Neman kyauta ne, ba a biyan sisi. Duk da haka garuruwan Pokhara da Dharan cike suke da makarantun share fage masu cin kuɗi, ga dillalai masu cewa sun san wani babba a ciki. Iyaye kan ci bashi ko su jinginar da gona, yaro ya gwada sau uku bai samu ba, shekarunsa su wuce, karatu ma ya bar shi. Waɗannan dubban da aka mayar gida, su ne za mu sake gamuwa da su a tambayar Rasha.

Daga Kumasi an aiko mana da gajeriyar tambaya: "Ba sojojin haya ba ne kawai aka yi musu kwalliya da suna?"

Ajantina ma haka ta ce a 1982, lokacin yaƙinta da Birtaniya a kan tsibiran Falkland. A shari'ance dai ba haka ba ne. Sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya jera sharuɗɗa shida, kuma sai sun cika duka kafin a kira mutum sojan haya. Biyu daga ciki sun isa su fitar da Gurkha: sai an yi wa mutum alkawarin kuɗin da ya zarce na sojojin ƙasar nesa ba kusa ba, kuma sai ya zama ba ya cikin rundunar ƙasar a hukumance. Gurkha kuwa yana da lamba, ya yi rantsuwa, dokar soja na hawa kansa, kuma kukansa na shekaru shi ne ana biyansa ƙasa da abokin aikinsa Bature. Amfanin bambancin a aikace shi ne, idan aka kama soja yana da haƙƙin fursunan yaƙi, sojan haya ba shi da shi.

Sai dai a cikin Nepal ba shari'a ake wa gardama ba, mutunci ake wa. Masu suka na cewa abin kunya ne ƙasa mai 'yanci ta bar 'ya'yanta su mutu a yaƙin da ba nata ba, su fuskanci Pakistan ko Sin a ƙarƙashin tutar Indiya alhali Nepal ba ta gaba da ko ɗayansu. 'Yan tawayen Nepal masu bin aƙidar Mao sun sa rufe cibiyoyin ɗaukar Gurkha a cikin buƙatu 40 da suka miƙa wa gwamnati a 1996. Shugabansu Prachanda ya zama firaminista har sau uku, cibiyar Pokhara na nan tana aiki. Dalili a fili yake. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar, kuma a ƙauyen tsauni gidan Lahure, kamar yadda suke kiran wanda ya je soja a waje, shi ne mai rufin kwano da 'ya'ya a makaranta. Kalmar ma daga Lahore ta fito, inda kakanninsu suka yi wa Sarki Ranjit Singh aiki tun kafin Turawa su ɗauke su.

Wani tsohon soja daga Damagaram ya ce ya ji tsofaffin Gurkha sun yi yajin cin abinci a Landan, me suke nema?

Yallaɓai, fansho suke nema, kuma kai ka fi kowa sanin irin wannan ciwo, domin irin haka Faransa ta yi wa 'yan mazan jiyan Afirka da ta daskarar da fanshonsu a 1959, ba ta gama daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011.

Yarjejeniyar 1947 ta ɗaure albashi da fanshon Gurkha na Birtaniya da ma'aunin sojan Indiya, a kan cewa Nepal za su koma su zauna. Ranar 1 ga Yuli 1997, da aka miƙa Hong Kong ga Sin, mazauninsu da ke can ya koma Ingila, sai wannan rana ta zama shinge. A 2007 aka daidaita fanshon aikin da aka yi bayanta da na sauran sojoji, wanda ya yi ritaya kafinta kuwa aka bar shi a tsohon tsari. Su tsofaffin suna cewa abin da suke karɓa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na Bature mai muƙaminsu ba. Gwamnati kuma ta ce a duba lissafin gaba ɗaya: Gurkha na fara karɓa nan take bayan shekara 15, yana ɗan shekara 33 ko makamancin haka, Bature kuwa sai ya cika 22 kafin ya sami irin wannan. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ba gwamnati gaskiya a 2016.

Inda hujjar gwamnati ta yi rauni, a ganinmu, shi ne abin da ya faru a 2009. A shekarar, bayan fafutikar da 'yar wasa Joanna Lumley ta shige wa gaba, aka ba tsofaffin da suka yi aƙalla shekara huɗu izinin zama a Birtaniya. Dubbai suka kwaso iyali suka tare a garuruwa irin su Aldershot, da fanshon da aka auna da farashin shinkafa a Nepal za su biya hayar Ingila. Shi ya sa a Agustan 2021 mutum uku suka kwana 13 ba ci a gaban fadar firaminista, har aka yarda a zauna tattaunawa.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Garwa: "Me ya kai su Rasha, tunda ba ta cikin yarjejeniyar?"

Ɗan'uwa, wata ƙofa ce ta rufe. A Yunin 2022 Indiya ta fito da tsarin Agnipath: kurtu zai yi shekara huɗu, a riƙe ɗaya cikin huɗu, sauran a sallame su da kusan rupi miliyan 1.2, babu fansho. A da, shekara 15 ke ba mutum fansho har mutuwa, kuma sama da mutum 100,000 a Nepal da shi suke ci. Nepal ta ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyar 1947, ta kuma ji tsoron matasa masu horon bindiga su dawo mata ba aikin yi, sai ta dakatar da ɗaukar a watan Agusta. Indiya ita ce ke kwasar mafi yawa, don haka giɓin ba ƙarami ba ne.

A daidai lokacin Rasha ke neman mutanen da za su yi mata yaƙi a Yukren, tana alkawarin kusan dala 2,000 a wata da takardar zama ɗan ƙasa ga wanda ya sa hannu na shekara guda. Dillalai kan karɓi har dala 9,000, su fitar da mutum da bizar yawon buɗe ido ta Dubai, wasu kuma ɗalibai ne da ke can tun da. Matsalar tana farawa daga takardar, don da Rashanci take, mai sa hannu bai iya karanta ta ba. Horon 'yan makonni ne. Umarni a fagen daga da harshen da bai ji ake ba shi, ga jirage marasa matuƙa a sama. Shekara gudan ma ba ta ƙarewa, domin dokar da Putin ya sa wa hannu a Satumbar 2022 ta ce kwantiragin soja na ci gaba har sai an ɗage ta.

Idan Gurkha na Birtaniya ko Indiya ya mutu, akwai ofishin da zai sanar da iyali, akwai haƙƙin matarsa a rubuce. Na Rasha kuwa, sau da yawa daga bakin aboki ake jin mutuwar ta waya, neman gawa ko diyya kuma sai an bi ta ofishin jakadanci wata da watanni. A Disambar 2023 Nepal ta nemi Rasha ta daina ɗaukar mutanenta ta dawo da waɗanda ke can, 'yan sanda suka kama dillalai, a Janairun 2024 kuma aka daina ba da izinin zuwa aiki Rasha da Yukren. A lokacin gwamnati ta ce mutum 200 ne ko sama da haka, CNN kuma ta ce za su iya kaiwa 15,000. Tazarar ta yi yawa haka ne saboda wanda ya fita da bizar yawon buɗe ido ba ya cikin rajistar ma'aikatar ƙwadago.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.