Lacca Kan Juya Lambobin Tushe Takwas Zuwa Tushe Biyu da OCT2BIN

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, da ku 'yan'uwana matasan Aboabo da Asawase da sauran Zangon Kumasi, ina godiya da halartarku.

Lissafin da muke ƙirga sidi da shi a kasuwar Kejetia lissafi ne na tushe goma, mai alƙaluma daga 0 zuwa 9. Na tushe takwas, wato oktal, ya tsaya a 7, na tushe biyu kuwa, wanda kwamfuta take aiki da shi, ba shi da komai sai 0 da 1. Dangantakar waɗannan biyun ita ce ginshiƙin maganata: tun da biyu sau biyu sau biyu shi ne takwas, kowane alƙalamin oktal yana daidai da alƙaluma uku na tushe biyu.

Ku dubi allo. OCT2BIN umarni ne a manhajar lissafi ta Excel da ke juya lambar oktal zuwa tushe biyu. Na rubuta =OCT2BIN(755) a cikin akwatin Excel, sai ga 111101101 ya fito. Ku yanka shi uku-uku: 111 shi ne 7, 101 shi ne 5, ɗaya 101 ɗin ma 5 ne. Duk wanda ya taɓa aiki da Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta, ya san wannan lamba ta 755, domin da ita ake ba da izini a kan fayil: mai fayil ya karanta, ya rubuta, ya gudanar, sauran mutane kuwa su karanta su gudanar, amma ba su da ikon rubutu. Umarnin yana nan a Google Sheets da LibreOffice Calc ma.

Yana karɓar lamba ta biyu, wadda take fayyace yawan gurabun amsa. =OCT2BIN(3) zai ba ku 11, amma =OCT2BIN(3,3) zai ba ku 011. Ku lura cewa amsar rubutu ce, ba lamba ba, shi ya sa sifilin farko bai ɓace ba, kuma shi ya sa SUM, umarnin tara lambobi, yake tsallake akwatin.

Inda nake so mu daɗe shi ne iyakarsa. Ba ya wuce 777, wato 511 a lissafinmu na yau da kullum, a ɓangaren ƙasa da sifili kuwa yana tsayawa a 7777777000, wato -512. Wanda ya zarce haka, ko ya saka 8 ko 9, saƙon kuskure na #NUM! zai gani. Jiragen da suke sauka a filin jirgin sama na Kumasi suna aika wa hasumiya lambar shaida mai alƙaluman oktal huɗu, kuma 7700 a duk duniya tana nufin jirgi yana cikin halin gaggawa. Ga shi na saka ta, Excel ya ƙi. A ganina nan ne ake bambance wanda ya haddace umarni da wanda ya fahimci ƙa'ida, domin mai fahimta zai raba lambar gida biyu, ya rubuta =OCT2BIN(77,6)&OCT2BIN(0,6), alamar & ta haɗa amsoshin biyu, ya sami 111111000000.

Kada ku manta da 6 ɗin nan na biyu. Idan kuka cire shi, sifili ɗaya tak zai fito maimakon shida, amsar ta koma 1111110, kuma Excel ba zai yi muku gargaɗi ba. Yanzu kowa ya ɗauki biro ya juya 644 a takarda kafin ya taɓa kwamfuta, zan zagayo in duba.