Gidauniyar Tunawa da Mamaci: Yadda Take Aiki da Abin da Za Ta Tsinana wa Arewacin Kamaru

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da Kuseri, da 'yan'uwa na ƙetaren kogi a Njamena.

Idan babban malami ko attajiri ko wani jagoran al'umma ya rasu a wajenmu, abin da ake yi sananne ne. Za a zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a sauke Alƙur'ani, sannan kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan shekaru magada sun raba gado, takardun marigayin suna cikin adaka gara tana ci, ɗaliban da yake biya wa kuɗin makaranta kuwa sun koma gida. Gidauniyar tunawa hanya ce ta hana wannan yankewar. Dukiya ce ake keɓewa da sunan mamaci, a danƙa ta ga amintattu bisa rubutacciyar ƙa'ida, domin aikin da ya dame shi yana raye ya ci gaba bayan ransa.

Abin ba baƙo ba ne a gare mu, ko da yake yanzu yana zuwa da ofis da hatimi. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abubuwa uku: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. A kan haka aka gina wakafi. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem, daular da cibiyarta take a Cadi ta yau, suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibai da mahajjatansu. A zamaninmu, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, ya zama Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. A Yawunde kuma akwai Gidauniyar Paul Ango Ela, wadda take da ɗakin karatu, take buga bincike kan siyasar Afirka ta Tsakiya.

Bari mu fara da kuɗi, domin a nan ne yawancin irin waɗannan gidauniyoyi suke mutuwa. Ranar ƙaddamarwa ana tara manya, maroƙa su yi ta shelar alkawura, wani ya ce miliyan biyar, wani ya ce goma. Wani ɓangare na alkawuran ba ya shigowa, abin da ya shigo kuma a kashe shi kan mota da kujeru da bikin shekara, kafin a ankara asusu ya bushe. Gidauniyar da take son daɗewa saniyar tatsa ce, nononta ake sha, ba a kai ta mahauta. A ce an tara sefa miliyan 200, an gina shaguna ko gidajen haya da su, suna kawo biyar cikin ɗari a shekara. Wannan miliyan 10 ke nan, kuma ita kaɗai ce aka halatta a kashe, uwar kuɗi ba a taɓa ta ko da shekara ta yi tsanani. Wanda yake son ya yi tanadin haka tun yana da rai ya tuna cewa a shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, sai da yardar magada. Ta fuskar hukuma kuwa, dokar Kamaru mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ta bambanta ƙungiyar da aka yi wa rajista kawai da wadda aka amince mai amfanin jama'a ce, kuma bambancin ya shafi ikon karɓar kyauta da wasiyya, don haka a nemi lauya tun kafin a buga katin gayyata.

Aiki na farko shi ne ilmi. Yankunanmu uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, yanzu kowanne yana da jami'ar gwamnati: ta Ngaundere tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa tun 2022. Kuɗin rajista sefa dubu 50 ne a shekara, kuma iyaye da yawa suna iya haɗa shi ko da da ƙyar. Abin da yake karya ɗalibi shi ne abin da yake biyo baya, musamman idan ya kai matakin bincike. Ɗalibar da take son ta nazarci yadda ake rabon ruwa a fadamun Logone tana bukatar kuɗin mota daga Marwa, da na kwalekwale idan damina ta rufe hanya, da na tafinta mai jin Musgum ko Kotoko ko Larabcin Shuwa, da abin da za ta ci na tsawon watanni a ƙauye. Idan babu wannan, sai ta zauna a ɗaki ta kwafe abin da wani Bature ya rubuta shekaru arba'in da suka wuce. Tallafin da bai kai kuɗin tayoyin babbar mota ba zai iya raba ta da wannan ƙaddarar.

Mun san abin da irin wannan aikin yake haifarwa. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya rasu a Maiduguri a 2004, ya shafe shekaru yana bin fadojin lamiɗai, wato sarakunan Fulani, yana ɗaukar tarihi daga bakin dattawa, kuma da yawa daga abin da ake karantawa a yau kan Garwa da Marwa da Rai Buba ta hannunsa ya tsira. Dattawan da ya zauna da su sun tafi. Waɗanda suka rage, da rubuce-rubucen ajami da suke cikin gafaka a zauruka, ba za su jira mu ba, kuma a ganina duk gidauniyar da ta san ciwon kanta daga nan ya kamata ta fara.

Aiki na biyu shi ne muhawara, kuma shi ne mafi wuya. Shirya taro ba shi da wahala: doka ta ce a sanar da hukuma aƙalla kwana uku kafin ranar, a kama zaure, a kawo ruwa. Wahalar tana cikin abin da za a yarda a faɗa. Lacca ta shekara da ba a yin komai a cikinta sai yabon marigayi da gode wa babban baƙo, walima ce, ba ta ƙara wa kowa sani. Muhawara ta gaskiya tana zaunar da makiyayi da manomin auduga da jami'in gandun daji wuri ɗaya, mai bincike ya ajiye abin da ya gano a gabansu, kowa ya ce ga inda ya yi daidai, ga inda bai fahimta ba. Sai kuma batun harshe. Idan an yi komai da Faransanci, to an sallami yawancin waɗanda maganar ta shafa tun daga bakin ƙofa, mata musamman. A yi da Fulatanci da Hausa da Larabci, a kai wa gidajen rediyon al'umma su watsa. Kuma amintattu su shirya jin abin da ba ya yi musu daɗi, har da wanda ya taɓa jam'iyyar marigayin ko danginsa.

Daga nan ne ake isa ga aiki na uku, wato adalci, domin ba a kare haƙƙin da ba a san iyakarsa ba. A watan Agusta da na Disamba 2021 rikici ya ɓarke a yankin Logone-Birni tsakanin masunta da manoma Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa, tushensa ramukan da masunta suke haƙawa don tare ruwa da kifi, waɗanda shanu suke faɗawa ciki. An rasa rayuka, wuta ta kai har Kuseri, dubun-dubatar mutane suka tsallaka Cadi. Wannan rigima ba rana ɗaya ta fara ba. Da a ce akwai masu bin diddigin janyewar ruwa shekara bayan shekara, da zauren da ɓangarorin biyu suka saba haɗuwa a cikinsa, da shugabanni sun sami abin riƙewa kafin a zare makami.

Wani zaluncin kuwa ba ya da ƙara. Yaro ya yi shekara shida a firamare, ya kai ajin ƙarshe, sai a ce ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba saboda ba shi da takardar haihuwa. Iyayensa ba su yi rajista cikin wa'adin da doka ta ɗiba ba, yanzu sai an bi ta kotu, ga kuɗin mota, ga shaidu, ga jira. Gidauniya ba kotu ba ce, ba kuma za ta maye gurbin gwamnati ba. Amma tana iya ƙirga yaran gunduma guda, ta ɗauki nauyin zaman kotu na tafi-da-gidanka tare da magajin gari, sannan ta kai alƙaluman gaban 'yan majalisa. Haka nan ga iyalan da rikicin Boko Haram ya kora daga Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, waɗanda da yawansu takardunsu suka ƙone tare da gidajensu.

Saura tambayar wa zai riƙe amanar. Iyalin marigayi suna da haƙƙin kujera a cikin amintattu, amma bai kamata su zama masu rinjaye ba, kuma ɗan gidan da ya nemi tallafin karatu ya bi layin da kowa yake bi. A sa wa kowace kujera wa'adi, a haɗa Musulmi da Kirista, maza da mata, mutanen tudu da na bakin kogi, domin Arewacin Kamaru ba na ƙabila ɗaya ba ne. Masu tantance ɗalibai su zama dabam da masu sa hannu a kan kuɗi. A ƙarshen kowace shekara a kira mai binciken asusu daga waje, a liƙa rahotonsa a ƙofar ofis, a karanta shi a rediyo: nawa ya shigo daga haya, nawa aka kashe, su wa aka tallafa wa, kuma ina binciken da suka yi yake ajiye ga mai son karantawa.