Ɗan kwikwiyo ya daina tsotso, a jira ko a kai shi wajen likitan dabbobi?

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye, masu karnukan gadi da 'yan farauta da masu garke. Yau maganar 'yan kwikwiyo zamu yi, tun daga ranar haihuwa har wajen wata biyu, wace matsala zaka iya kula da ita a gida, wace ce kuma sai dai ka sa shi a kwali ka hau kabu-kabu ka nufi likitan dabbobi.

Babban kare in ya wuni bai ci ba babu wanda zai damu, gobe zai ci. Shi kuwa kwikwiyo ɗan kwana uku ko biyar lissafinshi na awa ne, dan jikinshi baya iya riƙe ɗumi da kanshi, hantarshi bata ajiye sukari mai yawa, ruwan jikinshi kuma nan da nan yake ƙarewa, shi yasa zaka ganshi da safe yana motsi lafiya lau, kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma. Maganar nan ta "bari mu gani zuwa gobe" ita ke kashe da yawansu.

To yaya mai lafiya yake? Barci da tsotso, aikinshi kenan. In yana barci kaga ƙafa ko kunne na ɗan zabura kada ka tsorata, haka suke. Cikinshi a cike, jikinshi da ɗumi, in ka wanke hannu ka sa mishi ɗan yatsa a baki zaka ji bakin da danshi kuma zai kama da ƙarfi yana ja. Wanda ka sa ma yatsa ka ji bakin da sanyi ko ya bushe, ko bai kama ba, ko yana ta kuka baya tsayawa ko an sa shi a nono, ko ka same shi can gefe shi kaɗai 'yan uwanshi na dunƙule wuri guda, wannan ka sa mishi ido tun daga lokacin.

Sanyi shine na farko. A satin farko zafin jikin kwikwiyo tsakanin digiri 35 zuwa 37 yake, alhali babban kare 38 zuwa 39, kuma wurin kwanciyarsu ana so ya kai wajen digiri 30. Ku duba daren hunturu a nan, Disamba da Janairu, karya ta haihu a kango ko ƙarƙashin tsohuwar mota bisa ƙasa tsirara, ta tashi neman abinci ta barsu iska na kaɗawa. In kwikwiyo ya yi sanyi hanjinshi tsayawa yake, to anan mutane ke kuskure, sai tausayi ya sa su ɗura mishi madara, madarar ta zauna a ciki bata wuce ba ko ta dawo ta shiga huhu. Ɗumi tukuna. Ka sa shi cikin rigarka ya ji ɗumin jikinka, ko ka zuba ruwan ɗumi a butali ka naɗe da zane ka ajiye gefenshi, a hankali cikin awa guda ko biyu, banda kai shi bakin kaskon gawayi dan fatarshi ƙonewa take kuma baya iya ja baya. Ka lakaci ruwan sukari ko zuma kaɗan ka shafa mishi a dasashi, shafawa nace ba ɗurawa ba. Ya yi ɗumi ya kama nono, alhamdulillahi, ci gaba da lura. Ya yi ɗumi amma har yanzu baya tsotso, ka tashi ka kai shi wajen likita. Bazara ma da tata matsalar, Afrilu da Mayu zafi ya wuce 40, in suna ƙarƙashin kwano kaga suna buɗe baki sun warwatse suna kuka, a maida su inuwa mai iska, a sa ma uwar ruwa kusa da ita.

Abin da na fi yarda da shi wallahi sikeli ne, irin ƙaramin nan na gram. Ido yana ruɗi, kullum kana ganinsu bazaka gane wanda ya tsaya ba. Ka auna kowane da safe ka rubuta, in sun yi kama ka bambanta su da launi ko tabo. Ranar farko zai iya ɗan raguwa, bayan nan kullum ƙaruwa ake so, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma zuwa kwana 10 ya ninka nauyin haihuwarshi. Kwana biyu a jere bai ƙaru ba ko yana raguwa, akwai matsala ko da kana ganin bakinshi a nono.

Dakashi kuma, nonon farkon nan, cikin awa 24 na farko hanjinshi ke iya ɗaukar kariyar da ke ciki, wanda bai samu ba ƙaramar cuta ma kada shi take. In uwar ta mutu ko ta ƙi su, madarar shanu ko ta gwangwani da koko ba abincinsu bane, nonon karya ya fi na saniya maiƙo da gina jiki nesa ba kusa ba, zawo kawai zaka jawo musu, ka tambayi likita abin da za a haɗa. Kuma kada a kwantar da shi rigingine wajen shayar da shi, bisa cikinshi ake shayar da shi. Kaga madara na fitowa ta hanci kowane shayarwa, ko numfashi na ƙara, a duba shi, wani da tsaga a gandarshi ake haifarshi. Sannan har sati uku uwar ce ke lasar su su yi fitsari da kashi, in bata nan kai zaka shafa da tsumma mai ruwan ɗumi.

Cibiya tana bushewa ta faɗi wajen kwana uku, in ta kumbura ta yi ja ko tana ruwa mai wari ranar za a kai shi, dan daga nan ƙwayar cuta ke shiga jini. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14, kada ka buɗe mishi da hannu, amma in fatar idon ta kumbura kafin ya buɗe ko mugunya na tsattsafowa, jira zai iya cinye idon.

Ɗaga leɓenshi ka duba dasashi. Ja-ja mai haske ake so. In ya yi fari fat jini ne ya ƙare, kuma yawanci ƙuma ce ko kaska ko tsutsar ciki, ita tsutsar akwai wadda tun yana ciki yake ɗauka daga uwar, akwai wadda ta nono take bi tana shan jini a hanji, shi yasa ake fara maganin tsutsa daga sati biyu ana maimaitawa duk sati biyu, kuma da nauyinshi ake auna maganin. Dan Allah jama'a banda fiya-fiya, banda baƙin mai, banda parasetamol ko ibuprofen na masu talla, kwikwiyon da bai kai kilo ba guba ka bashi. Akwai kuma ƙurajen nan masu ɗan rami a tsakiya, ƙuda ne ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta shige fata, in ɗaya ce ko biyu da sauƙi amma in sun cika jikin ƙaramin kwikwiyo a kai shi, a kuma canza musu wurin kwana.

Daga sati shida zuwa sama babban abin tsoro cutar da ake kira parbo ce, kwikwiyo ya kama amai da zawo mai jini mai wani irin ƙarni, ya kwanta ya ƙi ruwa. Babu maganin gida anan, ƙarin ruwa yake buƙata, a ware shi daga sauran a wanke wurin da ruwan jabel dan ƙwayar tana wata da watanni a ƙasa bata mutu ba. Rigakafinta daga sati 6 zuwa 8 ake farawa a maimaita har sati 16, na haukan kare kuma a wata uku. Wannan na ƙarshen dan yaranmu ne ma, su ke wasa da su. In kwikwiyon da aka tsinto a titi ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a kai yaron asibiti, kada ace ai ƙarami ne.

Ku riƙa duba uwar ma. Nono ya yi tauri da zafi, ko ruwa mai wari na fita bayan haihuwa, ko tana haki tana rawar jiki ƙafafu na sandarewa, ita ma gaggawa ce, kuma sau da yawa daga wajenta matsalar 'ya'yan ta taso.

Na san wasu kunya suke ji a gansu da kwalin kwikwiyo a wajen da ake kai raguna da shanu, ni dai banga abin kunya ba, karen nan shi zai tsare maka garken. In zaka tafi ka shimfiɗa zane a kwalin ka sa butalin ruwan ɗumi, ka riƙe takardar nauyin nan, ka faɗi kwanansu nawa, yaushe ya yi tsotso na ƙarshe, me ka bashi, gaskiya zaka faɗa ko da fiya-fiyar ce. In daga ƙauye kake can wajen Mirya ko Magarya ka fara kiran ma'aikacin kiwo na kusa da kai a waya, ka ɗauki bidiyon numfashinshi da hoton dasashin da na kashin ka tura mishi ta WhatsApp, in ya ce a zo da uwar da sauran 'ya'yan a zo da su duka.